Amsoshin Tambayoyinku: Tunda Akwai Kyamara, Me Ake Saye A Zanen Da Ya Yi Kama Da Hoto?

Tambaya: Wani mai karatu daga Kaduna ya rubuto yana cewa yakan ci karo da zane-zane a intanet, na daji da koguna, na 'ya'yan itace a faranti, na fuskokin mutane, waɗanda sai an gaya maka sannan za ka yarda hannu ne ya yi su. Ya kuma ji ana sayen irinsu da miliyoyin kuɗi. To, tunda wayar da ke aljihunsa za ta yi wannan aiki cikin ƙiftawar ido, me masu sayen suke saye? Kuma in mutum mai matsakaicin ƙarfi yana sha'awar fara tara irin waɗannan zane-zane, ta ina zai faro?

Amsa: Ka sani ba kai kaɗai wannan tambaya ta dama ba. Tun shekarar 1839, lokacin da aka bayyana wa duniya a Faransa hanyar ɗaukar hoto da Louis Daguerre ya ƙirƙiro, masu zane da masu saye suke juya ta a ransu. Amsata a taƙaice ita ce, wanda ya san abin da yake yi ba kamanni yake biya wa kuɗi ba. Yana biyan dogon kallon da wani ɗan Adam ya yi wa wani abu, da zaɓin da ya yi cikin abin da ya gani. Bari mu bi ta a hankali.

Wannan fanni shi ne za mu kira zanen zahiri, wato zanen da ke nuna abu yadda ido ke ganinsa, ka duba ka gane wannan tudu ne, wannan tulu ne, wannan tsohuwa ce. Kishiyarsa shi ne zanen launi zalla, wanda ba ya kwaikwayon siffar komai, sai tsarin launuka da layuka. Misalan da ka kawo sun faɗa daidai cikin rassansa guda uku. Akwai zanen shimfiɗar ƙasa, wanda ya haɗa daji da teku da sararin sama har da titunan birni. Akwai zanen kayan ajiye, inda mai zane ke jera abubuwa marasa motsi a kan tebur, kamar kwalba da lemo da fure, ya zauna ya zana su. Sai zanen siffar mutum, ko fuska kaɗai ko jiki duka.

Da yawa sun ɗauka cewa manufar wannan zane tun asali ita ce gasa da hoto. Ba haka abin ya faro ba. Mutumin da ya ɗaga tutarsa a Faransa, Gustave Courbet, rigimarsa a kan wanda ya cancanci a zana ce. A zamaninsa manyan alluna na sarakuna ne da jarumai da labaran tarihi. Sai ga shi tsakanin 1849 da 1850 ya zana jana'izar wani mutumin garinsu, Ornans, a kan ƙyallen da faɗinsa ya haura mita 6, da mutanen ƙauye fiye da 40 tsaye a bakin kabari, kowa da fuskarsa ta gaskiya, ba gyara ba ƙawatawa. Manyan birnin Paris suka ga abin kamar raini. A 1855, da aka ƙi karɓar wasu ayyukansa a babban baje kolin birnin, ya kafa rumfarsa ta kansa a gefe ya rataye su. Abin da yake faɗa shi ne, rayuwar da ke gabanka ta isa a tsaya a kalle ta da kyau.

A tsakiyar ƙarni na 20 zanen launi zalla ya mamaye manyan makarantu da gidajen baje koli a Turai da Amurka, har wasu makarantun suka rage koyar da zanen hannu irin na da. Duk da haka akwai waɗanda ba su saki ba. Andrew Wyeth na Amurka ya ci gaba da zana gonaki da tsofaffin gidajen maƙwabtansa, yana kwaɓa garin launi da gwaiduwar ƙwai kamar yadda mutanen da suke yi. Daga baya kuma aka sake buɗe makarantun horo na musamman, irin wadda Daniel Graves ya kafa a birnin Florence na Italiya a 1991, inda ɗalibi kan daɗe yana zana gumakan farar ƙasa da gawayi, yana koyon auna tsawo da faɗi da ido da rarrabe haske da inuwa, kafin a bar shi ya taɓa launi. Wasu daga cikin matasan da kake ganin aikinsu daga Turai da Amurka yau, daga irin wannan horon suka fito.

Yanzu ga zuciyar tambayarka. Wanda ya fi kowa taimaka mini wajen amsa ta shi ne wani dattijo ɗan Sifaniya, Antonio López García, wanda aka haifa a 1936 a garin Tomelloso. Yana da zanen wani babban titi na birnin Madrid mai suna Gran Vía. Ya fara shi a 1974, bai ajiye shi ba sai 1981. Ba girma ne ya ja masa lokaci ba, don allon bai kai mita ɗaya ba ta kowane gefe. Hasken da yake nema ne ba ya daɗewa. Yana son titin a daidai fitowar alfijir na bazara, kafin motoci su cika shi. Saboda haka da asuba yakan ɗauko allonsa ya je ya tsaya a wuri guda a tsakiyar mahaɗar titi, ya yi aiki na ɗan taƙaitaccen lokaci, da zarar hasken ya sauya sai ya tattara kayansa. Bazara ta wuce, sai ya jira ta baɗi. In ka dubi zanen, agogon da ke jikin ginin da ke gabanka yana nuna 6:30, ba mota ba mutum, ga farin fentin kibiyoyin hanya a kan kwalta, ga wani sanyin launi a jikin gine-ginen da ke gaya maka rana ba ta riga ta taɓa su ba. Kallo ɗaya za ka ce hoto ne. Amma babu wata safiya guda da ta taɓa kasancewa haka. Safiyoyin shekara bakwai ne aka tace, aka zuba a wuri ɗaya.

Wani mai shirya fim ɗan ƙasarsu, Víctor Erice, ya bi shi da kyamara a kakar 1990 yana ƙoƙarin zana wata 'yar bishiya da ke tsakar gidansa, mai 'ya'ya rawaya masu kama da tuffa, waɗanda Larabawa ke kira safarjal. Fim ɗin ya fito a 1992 ya kuma sami lambar yabo a bikin fina-finai na Cannes. Abin da ake gani a ciki ya isa darasi. Ya kafa ƙusoshi a ƙasa a daidai bakin takalmansa, don kullum ya tsaya a inda ya tsaya jiya. Ya rataye zare mai nauyi a ƙasa, irin wanda magina ke gwada miƙewar bango da shi, don ya sami tsakiya. Sannan ya ɗauki siririn buroshi yana ɗiga farin fenti a jikin 'ya'yan da ganyayen, domin kullum 'ya'yan suna ƙara nauyi, rassan suna sunkuyawa, abin da ke nan jiya ya sauka ƙasa kaɗan yau. Kafin wani lokaci 'ya'yan duk sun cika da fararen layuka, kowane layi shaidar wata rana. Shi kuma yana bin su, yana gogewa yana saukar da zanensa. Hasken da yake so ya kama a saman bishiyar ba ya wuce ɗan lokaci da safe, ga hadari ga ruwan sama, a ƙarshe ya haƙura da fentin ya koma fensir, har 'ya'yan suka nuna suka fara zuba. Ya san da kyamara sarai, ga ta ma a gabansa tana ɗaukarsa. Abin da yake so shi ne ya kasance tare da bishiyar tana canzawa, kuma hoto ba zai ba shi wannan ba.

Ko ta fuskar aikin ido ma, kyamara da mutum ba gani ɗaya suke yi ba. Kyamara ido ɗaya gare ta, tana buɗe shi sau ɗaya ta rufe. Mutum idanu biyu gare shi, kuma ba sa tsayawa wuri guda. In ka kalli inuwa ƙwayar idonka takan buɗe, in ka kalli sama ta tsuke, shi ya sa kake ganin launi a cikin inuwa kana kuma ganin gajimare a sama. Gwada ɗaukar hoton mutum a bakin zaure da tsakar rana: ko dai fuskarsa ta yi baƙi, ko wajen ya yi fari fat. Mai zanen da ya tsaya a wurin yana iya ba ka duka biyun. Bayan haka kyamara ba ta da fifiko, ledar da ke ƙasa da fuskar yaro duk ɗaya ne a wurinta. Mai zane kuwa a kowane shafin buroshi yana yanke hukunci, wannan ya fito sosai, wannan ya dushe, wannan a bar shi gaba ɗaya. Dubban irin waɗannan hukunce-hukuncen su ne zanen.

Zanen kayan ajiye ya fi nuna wannan a fili, kuma ni ina da rauni a kansa. A ƙarni na 17 wani malamin Faransa, André Félibien, ya jera nau'o'in zane bisa daraja, ya sa labaran tarihi a sama, ya sa kayan ajiye a can ƙasa. Amma a Holan ta wannan zamanin 'yan kasuwa sun yi ta sayensu suna ratayewa a gidajensu. Wata mata mai suna Rachel Ruysch, wadda ta rayu daga 1664 zuwa 1750, ta yi suna da zanen furanni a cikin tulu, ta haifi 'ya'ya 10 ta kuma ci gaba da aiki har ta haura shekara 80. In ka ga furanninta za ka rantse a gabanta aka ajiye su, har raɓa da ƙwari suna jiki. Masana tsirrai kuwa sun lura cewa a tulu guda takan haɗa furannin da ba sa toho a lokaci ɗaya na shekara. Kowane fure gaskiya ne, haɗuwarsu kuma shirinta ne. A ƙarnin da ya wuce Giorgio Morandi na birnin Bologna ya ƙare rayuwarsa yana zana kusan kwalabe da gwangwanaye iri ɗaya, yana matsar da wannan kusa da wancan. Claudio Bravo, ɗan ƙasar Chile da ya koma Maroko da zama a 1972 har ya rasu a can a 2011, ya shahara da zanen ƙunshin kaya da aka naɗe da takarda aka ɗaure da igiya. Ba wanda ke buƙatar hoton ƙunshin takarda. Amma in ka tsaya gaban nasa, za ka ga yadda kowace lanƙwasa ke karɓar haske, ka fita kana kallon takardar tsire ma da wani ido.

A nan zan ɗan ratse, don na san wasu masu karatu za su yi tunanin hukuncin addini. Maganar zana abu mai rai fage ne na malamai, kuma akwai bayanai masu faɗi a kanta, sai a koma gare su. Abin da ya shahara dai shi ne ruwayar da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana bishiyoyi da abubuwan da ba su da rai. Ke nan wanda zuciyarsa ba ta natsu da siffar mutum ba, rassa biyu cikin uku a buɗe suke gare shi, kuma ba ƙananan rassa ba ne.

Shi zanen mutum, abin da ya bambanta shi da hoton fasfo shi ne zama. Lucian Freud na Ingila, wanda ya rasu a 2011, ba ya zana mutum sai yana zaune a gabansa, wata da watanni. Abokin sana'arsa David Hockney ya ce ya zauna masa kimanin sa'o'i 120 saboda ƙaramin zanen fuska guda. Kowa na iya riƙe murmushin hoto na daƙiƙa biyu, amma ba mai iya riƙe shi sa'o'i 120. Fuskar da ta saura bayan murmushin ya gaji, ita mai zanen ke jira.

Nijeriya ma tana da dogon tarihi a nan. Aina Onabolu, ɗan Ijebu-Ode da ya rasu a 1963, ya fara zana manyan mutanen Legas tun farkon ƙarni na 20, a lokacin da Turawan mulki ke ganin baƙar fata ba zai iya irin wannan aiki ba, ya kuma yi ta fafutuka har aka sa zane cikin darussan makaranta. Sashen zane na Zariya, wanda yanzu ke Jami'ar Ahmadu Bello, ya yaye manya irin su Yusuf Grillo da Kolade Oshinowo. Daga kwalejin Yaba kuma aka sami Abiodun Olaku, wanda in kana son ganin yadda ake kama hasken magariba da hayaƙi da fitilu a kan ruwan Legas, aikinsa za ka nema.

To, ina matsayin matasan nan masu fensir da gawayi da suka cika intanet? Ina kyautata zaton su ne suka tayar maka da tambayar. A 2018 wani yaro ɗan shekara 11, Kareem Waris Olamilekan, ya zana shugaban Faransa Emmanuel Macron cikin kimanin sa'o'i biyu lokacin ziyararsa a Legas. A 2019 Eli Waduba Yusuf, daga nan Kaduna inda kake, ya sa zanen fensir na ɗan wasan barkwancin Amurka Kevin Hart a Twitter, shi kuma ya gani ya nemi ya saya. Akwai Arinze Stanley da Kelvin Okafor da wasu da dama. Yawancin irin wannan aiki daga hoto ake yinsa, kuma wannan ba laifi ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1960 wasu Amurkawa irin su Richard Estes suka mayar da aiki daga hoto fanni mai zaman kansa, ko da yake shi Estes hotuna da yawa yake haɗawa ya fitar da titin da babu kyamarar da ta taɓa ganinsa haka. Ina girmama haƙurin waɗannan matasa ƙwarai, don wanda ya zana ramukan fata ɗaya bayan ɗaya na tsawon makonni ya san wahala. Amma ra'ayina shi ne kamanni matakin farko ne kawai. In duk abin da zane ya iya sa ka faɗa shi ne "kai, kamar hoto", to ranar da mamakin ya wuce ba abin da zai saura a bango. Ka tambayi mai zanen, hoton da ka yi aiki da shi wa ya ɗauka? In shi ya zaɓi mutumin, ya tsara hasken, ya ɗauka da kansa, to tunaninsa na ciki. In hoton wani tauraro ne ya sauko da shi daga intanet ya kwafe, gwanintar hannu ce ka gani, tunanin kuwa na mai kyamara ne, kuma akwai ma batun haƙƙin mallakar hoton. Haka nake ji game da zanen hawan salla da ake sayarwa ko'ina. Wasu masu zanen sun tsaya a ƙofar fada sun sha ƙura, sun san yadda lifidi ke zama a jikin doki. Wasu kuwa daga kalandar wani suka kwafa. In ka saba kallo, ƙafafun dokin kaɗai za su gaya maka wanne ne wanne.

Batun miliyoyi kuma, kada ka ɗauka yawan sa'o'in aiki ko tsananin kamanni ne ke yanke farashi. Sunan mai zanen ne, da ƙarancin aikinsa a kasuwa, da labarin da ke tattare da zanen, da kuma tarihin hannayen da ya bi. Dubi zanen Tutu na Ben Enwonwu, wanda ya yi wa gimbiyar Ife Adetutu Ademiluyi a 1974. Kwafinsa na takarda ya daɗe rataye a ɗakunan 'yan Nijeriya masu yawa, asalin kuwa ya ɓace shekara da shekaru, har aka gano shi a wani gida a arewacin Landan. Da kamfanin gwanjo na Bonhams ya sa shi a kasuwa a watan Fabrairun 2018, an yi hasashen ba zai wuce fam 300,000 ba, sai ga shi an saye shi fam miliyan 1.2. Mai zanen Ibo ne, wadda aka zana Bayarabiya ce, an kuma yi shi 'yan shekaru bayan yaƙin basasa, don haka mutane suka ɗora masa ma'anar sulhu. Duk wannan na cikin kuɗin. Shi kuwa sanannen zanen Wyeth na 1948, na wata maƙwabciyarsa da ba ta iya tafiya tana jan jiki a cikin ciyawa tana fuskantar gida, dala 1,800 kacal gidan adana zane-zanen zamani na New York ya biya a kansa, yau kuma yana cikin zane-zanen da aka fi sani a Amurka.

Irin waɗannan labarai kan sa mutum ya ɗauki zane tamkar fili ko zinariya. Ina roƙonka kada ka shiga da wannan niyya. Mafi yawan zane-zane ba sa komawa kasuwa da riba. Gidan baje koli sau da yawa yakan ɗauki kusan rabin kuɗin da ka biya, a gwanjo kuma ana ɗora wa mai saye ƙarin kuɗi da kan kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan farashin da aka buga guduma. Ka sayi abin da za ka yi farin cikin gani kowace safiya ko da ba wanda zai taɓa taya shi.

Ta ina za ka faro? Da kallo, kafin ka taɓa aljihu. Gani ya kori ji, kuma allon waya yana ɓoye girman zane da kaurin fentinsa, yana ƙara masa hasken da ba nasa ba. In hanya ta kai ka Legas, akwai gidan adana zane-zane na Yemisi Shyllon da aka buɗe a 2019 a Jami'ar Pan-Atlantic, akwai gidan Nike, wanda ke da reshe a Abuja, akwai kuma baje kolin ART X da ake yi tun 2016. Kusa da kai, ɗaliban zane na Zariya kan baje ayyukansu na kammala karatu, kuma a irin wannan wurin ne mai ƙaramin ƙarfi ke samun aiki na gaske a farashi mai sauƙi, ya kuma san mai zanen ido da ido. In zane ya burge ka, ka duba shi daga nesa, ka matso har ka ga sawun buroshi, ka sake ja da baya. Ka lura ko hasken daga gefe ɗaya yake zuwa, ko inuwoyin sun yarda da juna. In mutum ne, ka dubi hannaye da kunnuwa, nan ne mai rauni ke ɓoyewa. Sannan ka tafi gida ka kwana. Wanda ya biyo ka har gida ya hana ka sakat, shi za ka koma wa. Ƙaramin zanen fensir ko na fentin ruwa daga hannun gwani ya fi ƙaton allo daga hannun mai gaggawa.

Sai ka kiyayi sayen bugun inji da kuɗin aikin hannu. Yanzu akwai injinan da ke buga zane a kan ƙyalle har ya ruɗi ido. Yadda mai sayen hula kan juya cikinta ya duba ɗinkin kafin ya yarda aikin hannu ce, haka za ka juya zane ka dubi bayansa da gefunansa, inda fenti kan zarce ko ya ɗiga. Ka kunna tocilan wayarka ka haska shi ta gefe: fentin mai na gaske yana da tudu da kwari da suka dace da siffofin da ke ciki. Wasu masu bugu kan shafa wani farin ruwa mai kauri a sama don ya yi kama da sawun buroshi, amma za ka ga sawun ba ya bin zanen. Da gilashin ƙara girman rubutu kuma za ka ga bugun inji ɗige-ɗige ne ƙanana. Bugu ba abin ƙi ba ne in an gaya maka gaskiya. Wanda mai zane ya amince da shi yakan sa masa hannu da lamba, misali 12/50, wato na 12 cikin kwafi 50 da aka buga, kuma farashinsa ya kamata ya yi ƙasa sosai da na asali.

Duk abin da ka saya, ka karɓi takarda mai ɗauke da sunan mai zanen, da sunan zanen, da shekara, da girmansa, da irin kayan da aka yi shi da su, da sa hannu. In daga hannun mai zanen ka saya, ku ɗauki hoto tare da zanen. Wannan takarda ita ce farkon tarihin zanen, kuma ranar da 'ya'yanka za su so sayarwa ko bayarwa, ita za a fara tambaya.

Saura kulawa, don yanayinmu ba ya raga wa zane. Kada ka rataye shi inda rana ke dukansa, musamman na fentin ruwa, wanda kan koɗe da sauri. Ka nisanta shi da bangon da ke jiƙa da damina, da hayaƙin kicin da na janareta, har da turaren wuta, wanda ke barin wani dauɗa mai maiƙo a kan fenti a hankali. Da hunturu katakon da aka ɗaure ƙyallen a kai kan bushe ya motsa, ƙura kuma ta kwanta. Ka share ta da busasshen buroshi mai laushi, ban da jiƙaƙƙen tsumma, ban da sabulu. Zanen takarda yana buƙatar gilashi, tare da kwali a tsakani don kada takardar ta manne da gilashin. Lokaci-lokaci ka sauke shi ka duba bayansa saboda gara. In kuma tafiya ta kama ka dole ka cire ƙyallen ka naɗe, ka naɗe shi a kan bututu mai kauri, fentin yana fuskantar waje, domin in ka naɗe shi ta ciki fentin zai matse ya tsattsage.